Kawu Hollis, Mai Tsallakar da Mutanen Dalma

Kafin rana ta hau kan itatuwan da ke bayan gidansa, Kawu Hollis Motlow ya riga ya fito rumfa. Haka na san shi tun ina yaro a nan Brighton, garinmu na 'yan ƙabilar Seminole a Amurka. Yakan ɗebi sofki, kunun masararmu, a tukunyar da ƙanwarsa Inna Nettie ta ɗora, ya sha a tsaye, ya kori karen da ke kwana a ƙarƙashin tebur, sannan ya zauna a kujerar nan tasa da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. A gabansa akwai ƙaramin murhu, da ludayin ƙarfe da ya yi baƙi ƙirin, da gwangwanayen fenti, da burushi masu baki siriri kamar gashin ido. Idan dalma ta narke sai ya zuba ta a mazubi, wato roba ce ɓari biyu da ake haɗawa a ɗaure, da siffar mutum a cikinta. Ya jira ta huce, ya buɗe. Sai ga mutum ya faɗo a tafin hannunsa, bai wuce gaɓar babban yatsa ba, amma da rawaninsa, da doguwar rigarsa, da bindigarsa, har da azurfar da ke rataye a ƙirjinsa.

Wannan shi ne aikinsa na safe, kafin ya tafi gyaran shingen shanu, aikin da ya ci abinci da shi har ya tsufa. Mazuban nan kuwa ba sayo su ya yi ba. Kowane ɗaya shi ya sassaƙa mutumin farko da tsinke da allura, sannan ya yi masa mazubi. Babu irinsu a wani wuri.

A ƙarshen watan jiya Kawu ya ajiye burushi. Ciwon suga ya ci masa ido. Har yanzu yana fitowa rumfa da sassafe, yana shan sofki a tsaye, yana korar kare, amma ya daina kunna murhun da kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta wani abu a kansa, ko da yake ni ba mai zurfin karatu ba ne, shanu na fi sani. Ku yi haƙuri da ni in na yi ta zagaye. Akwai abin da ke damuna, kuma zan kai gare shi.

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san teburin Asabar. Faffaɗan katako ne a tsakiyar rumfa, an shimfiɗa masa koren ƙyalle, ga kogi na shuɗin gilas ya ratsa shi, ga ciyawar fadama da aka yi da bakin tsintsiya, ga tudu mai itatuwa a can ƙetare. A kansa ake jera mutanen dalma a sake yaƙe-yaƙen da kakanninmu Seminole suka yi da sojojin Amurka, lokacin da aka zo a kwashe su a kai su yamma. Ana auna tafiyar kowa da ɗan kara, ana jefa ƙwayar ludo a ga ko harbi ya samu. Na ji ana irin wannan wasa a shaguna a biranen Tampa da Orlando, kuma a can wanda ya fi kashe mutanen ɗan'uwansa shi ya ci. A teburin Kawu ba haka ba ne. Shi ba mayaƙa kaɗai ya zuba ba. Ya zuba mata masu goyo, da yara, da tsofaffi, da mai tuƙa kwalekwale, da baƙaƙen fatar da suka gudo daga bauta suka yi yaƙi tare da mu, har da aladu da kaji. Cin wasa a wurinsa shi ne ka tsallakar da mata da yara da tsofaffi zuwa tudun nan na ƙetare. Ka kashe soja ɗari, idan an kama maka tsohuwa ɗaya, sai ya dube ka ya ce, “To, jarumi, wa zai dafa maka sofki?”

Kawu, kai ne ka yarda ka zama abokin gaba kowace Asabar. Ba yaron da ke son riƙe sojoji, kowa so yake ya zama kakansa. Sai ka ja kujerarka zuwa ɓangaren masu shuɗin kaya, da igwarsu da karnukan farautarsu, ka zauna a nan shekara da shekaru. Kuma ba ka taɓa sassauta wa kowa ba. Na ga yaro ya yi kuka a teburin nan, uwarsa ta ce, “Haba Kawu, ɗan ƙarami ne fa, bar shi ya ci mana.” Ka ce, “Su wancan karon an bar su sun ci ne?” Ka share wa yaron hawaye da gefen rigarka, ka nuna masa inda ya yi kuskure, ya bar mata a fili ya tafi neman suna. Yaron nan yau magidanci ne, kuma da bakinsa ya gaya mini cewa duk lokacin da aka ce guguwa na tafe, ba ya taɓa motarsa sai ya ga an kwashe tsofaffin layinsu.

Akwai wani shuɗin akwati a gefen tebur, muna ce masa jirgi. Duk wanda sojoji suka kama a cikinsa ake sa shi, an tafi da shi yamma ke nan. Wata shekara wata dattijuwa, Lucinda Harjo, ta zo mana daga Oklahoma, can yamma inda aka kai waɗanda aka kwashe, lokacin bikin shanu, aka kawo ta kallon wasa. Ta daɗe tana kallon ana jefa mutane a akwati ana rufewa. Can ta ce, “Malam, kana rufe mu da yawa. Mu ne fa na cikin akwatin nan. Mun sauka, mun yi gona, ga ni.” Waɗanda ke wurin sun ce Kawu ya cire mata hularsa. Da Asabar ta zagayo sai aka tarar ya kafa wani ɗan katako a jikin ginshiƙin rumfa, ta yamma. Tun daga ranar, wanda aka kama ba ya kwana a akwati. Idan an tashi wasa Kawu yakan fito da su ɗaya bayan ɗaya ya tsayar da su a kan katakon da ƙafafunsu. Daga baya dattijuwar ta aiko da jar ƙasar garinsu a kwalba, ya barbaɗa a wurin.

Irin mutumin ke nan. Gwanin zubi, mai hannun da ba ya gaggawa. Bai taɓa sayar da mutum ɗaya ba, bai kuma taɓa ba da ɗaya kyauta ba. An taɓa yi masa maganar a kai su gidan adana kayan tarihi, ya ce mutanensa ba su saba zama a cikin gilas ba, iska suke so.

To, ga abin da ke damuna.

A gidajen da suke riƙe da hanyar tsofaffi, kamar gidan su Kawu, idan mutum ya rasu kayansa na binsa. Ba a rabawa, ba a ajiyewa. Ana fasa su a kai su inda ba mai komawa. Abin da ya bayar da hannunsa yana raye, wannan ya fita. Abin da ya rage a hannunsa, nasa ne har can. Kuma ba a zuwa wurin mai rai a ce masa ya fara rabon kaya, don kamar ka ce masa ya kama hanya ne. Tun da idon Kawu ya fara dushewa, duk wanda ya shiga rumfar nan sai ya saci kallon kantar da mazubai ke jere, ya kau da kai. Kowa ya sani, ba mai iya furtawa.

Wata safiya na raka Amos Huff wurin Inna Nettie. Amos tsohon makiyayi ne, abokin Kawu tun suna yawo ba takalmi, kuma ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Mun same ta tana soya burodi a bayan gida. Amos ya yi ta kame-kame, ya yi maganar ruwan sama, ya yi maganar farashin maruƙa, sannan ya ce, “Nettie, mazuban nan fa?”

“Waɗanne?”

“Kin sani mana.”

Ta juya burodi a cikin mai ba ta dube shi ba. Ta ce, “Abin da hannunsa ya saba da shi nasa ne. Haka muka yi da keken ɗinkin uwarmu. Kana tsammani ban so keken nan ba? Na yi kukana a ɗaki, na fito na ɗauki guduma.”

“To ki ɗan yi masa magana mana. Ke ce ƙanwarsa.”

“In ce masa me? ‘Yaya, haɗa kayanka’? Kai Amos, ka yi furfura amma bakinka bai girma ba. Ga shi can a rumfa, je ka ka faɗa masa da kanka.” Sai ta miƙo mini burodi mai zafi ta ce, “Kai kuma ɗan nan, ci ka daina zare ido kamar maraƙin da ya ɓata.”

Na karɓa na ci. Na san Inna Nettie ba mugunta take yi ba. Idan ranar ta zo za ta yi abin da aka yi wa uwarta, za ta kuma shiga ɗaki ta yi kuka, kuma ba wanda zai ce ta yi laifi. Ni ma ba zan ce ba.

Amos dai bai haƙura ba. Ya shiga rumfa yana waige-waige, ya ce, “Hollis, wurin nan ya cika da tarkace, mutum ba ya samun inda zai sa ƙafa. Bari in rage maka waɗannan robobin, akwai fili a gidana.”

Kawu ya ce, “Gidanka? Inda ka yi sati kana neman haƙoran roba, ashe suna cikin firiji?”

“Ai don su yi sanyi na sa su.”

“Bar mini tarkacena, tsohon banza. Zauna ka gaya mini saniyar wa ta fasa shinge.”

Maganar ta mutu a nan. Daga ranar, duk lokacin da na ga motar asibiti ta shigo layinsu sai in tsaya in bi ta da ido, ko da wucewa kawai take yi.

Asabar ta farko bayan ya ajiye burushi, mun ɗauka ba za a yi wasa ba. Mutane sun zo ne don gaisuwa, wasu da nama, wasu da burodin kabewa. Sai muka tarar ya riga ya jera tebur da lalube, ya ja kujerarsa ɓangaren sojoji. Ya ce Amos ya zauna kusa da shi ya zama idonsa, ya riƙa gaya masa inda kowa yake da abin da ƙwaya ta nuna. Sannan ya ce, “Salina, zauna.”

Salina 'yar Inna Nettie ce, ita ke tuƙa motar makaranta. Da yake mu ta wurin uwa muke bin dangi, ita da Kawu duk 'yan dangin Tsuntsu ne, shi ne kawunta na jini, ba irin namu na ara ba. Ta ce, “Kawu, rabona da teburin nan tun kafin in yi aure.”

“Na sani. Ranar kin bar tsohuwa mai tukunya a bakin ruwa. Tana nan tana jiranki.”

Tsohuwa mai tukunya kowa ya san ta. Ita ce ta fi kowa jinkiri a tebur, rabin kara take tafiya, kuma kusan kullum ita ake kamawa. An ce Kawu ya yi mata fuskar kakarsu.

Aka fara. Hadari ya haɗo, iska na kaɗa kabar rumfa. Kawu ya turo sojoji ta gefen kogi, ya saki karnuka ta cikin ciyawa. Salina ta ba da mayaƙanta ɗaya bayan ɗaya don ta tare hanya, tana jan tsohuwa a hankali. Da tsohuwa ta kai tsakiyar ruwa, sojan gaba ya samu damar harbi. Kawu ya jefa ƙwaya. Amos ya leƙa, ya dube mu, ya yi gyaran murya ya ce, “Biyu. Ka kuskure.”

Kawu ya miƙa hannu ya ɗora babban yatsa a kan ƙwayar, ya shafa ramukanta. Ya ce, “Amos, shida ce. Idona ne ya tafi, yatsana yana nan.”

“To ai ni ma idon nawa ba na yaro ba ne.”

“Ƙaryarka ce ta yaro.”

Dariyar da aka yi ba ta yi nisa ba, don shida ta samu. Sai Salina ta ce, “Tsaya, Kawu. Mai rawanin nan nawa yana tsakaninsu. Ka ce wanda ya tsaya a gaba shi ke ɗauka.” Kawu ya laluba ya taɓa mayaƙin, ya auna da kara. Ya ce, “Haka ne.” Ya kwantar da mayaƙin da hannunsa. A zagaye na gaba tsohuwa ta taka tudu da tukunyarta a ka.

Kawu ya jingina da kujera. Ya ce, “Ɗauke ta.”

Salina ta ce, “In kai ta ina?”

“Gidanki. Ta tsallake, ba tawa ba ce kuma.” Sannan ya juya wajen kantar mazubai ya ce, “Amos, yi amfani sau ɗaya a rayuwarka. Mazubi na can ƙarshe, mai jan zare. Miƙo mata. Ba a raba mutum da inda ya fito.”

Amos ya ɗauko ya miƙa mata. Inna Nettie tana tsaye a bakin rumfa da ludayi a hannu. Kawu ya ce, “Kuna tsammani ban ji raɗe-raɗinku ba? Makaho na zama, ba kurma ba. To ku ji. Duk wanda ya tsallake ya fita daga hannuna, shi da mazubinsa, ya bi wanda ya tsallakar da shi. Wanda ya ɗauka kuma zai zo in koya masa zubi. Wanda bai tsallake ba yana nan tare da ni, inda na je mu je tare. Kuma kada wani ya sa ran zan sassauta.”

Salina ta riƙe mazubin da hannu biyu tana kuka ba sauti. Ya ce mata, “Gobe ki zo da sassafe, in ji yadda za ki ƙona yatsa.” Inna Nettie ta goge ido da bayan hannu ta ce, “To ku tashi ku ci abinci, ya huce tun ɗazu,” ta juya ta koma wajen tukunya.

Na so in ce muku hankalina ya kwanta tun daga ranar, amma bai kwanta ba. Na je na dubi kantar nan, har yanzu cike take. Wasu sun tsallake a Asabar ɗin da suka biyo baya, wata yarinya mai riƙe da ƙaninta, da wani baƙin mayaƙi mai gatari. Amma Kawu yana wasa kamar yadda ya saba, har ma ina ganin ya ƙara zafi. Amos ya zauna, aka kama masa kowa da kowa. Ni ma na zauna, ban tsallakar da ko kaza ba. Kuma masu zuwa ba su da yawa. Matasanmu suna da wasanni a waya, wasu aiki ya kai su birni. Ran nan mu kaɗan ne a rumfa, Kawu ya karkata kai yana sauraron hanya ko zai ji wata mota. Kara kuma ya fara suɓuce masa idan ya ɗauka. Ina gani, ina kau da kai.

Kawu Hollis, na san Salina ce za ta karanta maka wannan, kuma na san za ka ce na cika surutu. Ka bar ni in faɗa sau ɗaya. Mun gode. Kai ne ka zauna a ɓangaren da ba mai so don mu san abin da kakanninmu suka fuskanta. Kai ne ka koya mana cewa namiji ba ya ƙirga waɗanda ya kayar, waɗanda ya kai tudu yake dubawa. Ba ka karya hanyar tsofaffi ba, ba ka sa ƙanwarka a tsaka mai wuya ba, ba ka kuma bari mun roƙe ka abin da bai kamata a roƙa ba. Ka buɗe mana hanya ɗaya, irin wadda ka san za mu ji a jikinmu. Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar mana kai a kujerar nan mai waya.

Ku kuma jama'a, masu sana'a a hannu da masu tsofaffi a gida, ku dubi yadda mutumin nan ya yi. Amma kafin nan ina roƙonku abu mai sauƙi. Kada ku aiko da gaisuwa, ya sha gaisuwa. Ku zo ku zauna a tebur. Ko ba ku iya ba za a nuna muku, za ku sha kaye, ku dawo. Salina ta riga ta ƙona yatsu, ta kuma zuba tsohuwa mai tukunya sabuwa fil, tana nan a tagar motar makaranta. Sauran suna bakin ruwa.

Asabar mai zuwa mai kwalekwale ne a gaba, da matar nan mai goyo. Kawu ya ce zai fito da igwa. Ku zo da wuri.